Me Ke Sa Lamba Rawa?

Abin nan da ake murɗawa a ƙara muryar rediyo, masana na kiransa fotenshiyomita. Idan aka haɗa shi da ƙaramar kwamfutar Arduino Uno, takan auna lantarkinsa ta raba bolt 5 zuwa matakai 1024, kowanne bai kai milibolt 5 ba. Don haka 'yar hayaniyar lantarki daga inji ko doguwar waya ta isa ta sa lambar rawa, injin da take sarrafawa ya kama karkarwa.

A gajarta waya, a sa kwandensa mai nanofarad 100 tsakanin ƙafar tsakiya da layin negatif. Sannan a yi awo 16, a fitar da matsakaicinsu. Hayaniyar za ta koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Sai dai fa yawan awo kan sa na'ura jinkirin amsawa.