Kyauta don rage haraji: Riba ce ko ruɗin kalma?

A watan Disambar 2025 ƙanena, wanda ke aikin likita a Amurka, ya kira ni cikin dare muryarsa cike da murna, kamar abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ya ce: "Yaya, na fasa aiko da dala 10,000 ɗin nan ta gyaran makarantar garinmu. An ba ni shawara in bai wa wata ƙungiya a nan, don a yi mini rangwamen haraji." Na tambaye shi ko nawa ne rangwamen, sai ya yi shiru.

Mai karatu, ni ba akanta ba ne, nazarin harshe na karanta, shi nake koyarwa. Amma a ganina kalma ce ta ruɗi ƙanen nawa tun kafin a zo ga lissafi. Kalmar "rangwame" tana ɗauke da abubuwa biyu da dokokin haraji suka bambanta. Na farko shi ne a cire abin da ka bayar daga harajin kansa. Haka ake yi wa zakka a Malesiya, inda Musulmin da ya biya ta ga hukumar zakka ake zabtare masa daidai adadin daga harajin da ake bin sa a shekarar. Na biyu kuwa shi ne a cire kyautar daga kuɗin shigar da za a yanka wa haraji. Wannan shi ne tsarin Amurka tun 1917, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ba ƙarama ba ce.

Alal misali, mutumin da ake karɓar kashi 24 cikin 100 a saman kuɗin shigarsa, idan ya bayar da dala 10,000, iyakar abin da zai ragu daga harajinsa dala 2,400 ne. Sauran 7,600 daga aljihunsa suka fita, ba kuma za su dawo ba. Ashe dokar sauƙaƙa tsadar kyauta take yi, ba ta mayar da ita ciniki.

Ko wannan ragin ma ba kowa ke samun sa ba. A Amurka mai biyan haraji yana zaɓa tsakanin ƙayyadadden ragi da ake yi wa kowa, da kuma jero abubuwan da ya kashe ɗaya bayan ɗaya. Dokar 2017 ta kusa ninka ƙayyadadden ragin, har ya zama kusan mutum 9 cikin 10 shi suke ɗauka, kyautarsu ba ta taɓa harajinsu ko da sisi. Sai dokar 2025 ta ba irin waɗannan damar cire dala 1,000, ma'aurata 2,000, daga shekarar 2026.

Inda ƙanena ya yi gaskiya shi ne, dokar Amurka ba ta lissafa kuɗin da aka miƙa wa mutum hannu da hannu, ko wanda aka aika kai tsaye ga wata makaranta a Nijeriya. Sai ƙungiyar da ke da rajistar jinƙai a can. A nan ne haɗarin yake, domin kwaɗayin ragin na iya karkatar da alheri daga inda ake tsananin buƙatarsa zuwa inda takarda ta fi sauƙin samuwa. Azuzuwan garinmu da iska ta yaye wa rufi ba su da lambar rajista a Washinton, amma yara na zaune cikinsu.

Ba ina cewa a raina ragin ba. Wanda dama ya yi niyyar bayarwa, ya kuma sami amintacciyar ƙungiya mai rajista da ke kai taimako inda yake so, ya karɓi rasidi ya nemi haƙƙinsa, har ma ya ƙara abin da ya ragu a kan kyautar. Abin gudu shi ne haraji ya zama shi ke zaɓa wa mutum wanda zai taimaka.

Na ce wa ƙanena ya fara tambayar kansa wa yake so ya amfana, sannan ya je wurin akanta. Damina dai ba ta jiran lissafin kowa. Allah Ya sa mu dace.