Ɗalibin Likita da Haƙƙin Ido

'Yan'uwa, shekara 7 yaranmu ke yi suna karatun likita a Jami'ar Garwa. Ga jarrabawa, ga kwanan asibiti, ga zafin Afrilu. Wani a gabansa mara lafiya zai cika, ya dawo gida ya yi jugum, sai mu ce imaninsa ne ya yi rauni. Sau da yawa gajiya ce da ƙarancin barci.

Manzon Allah (SAW) ya hana Abdullahi ɗan Amr raya dare dukansa, saboda jiki da ido suna da haƙƙi. Ibada ma ke nan, balle bitar darasi. In ya kwana aiki, mu ɗauke masa aike, ya runtsa. In ƙuncin ya haura sati 2, mu raka shi ganin likita, muna yi masa addu'a.