Manunin da c_str() ke ba ka, na aro ne

Idan kana rubuta manhaja da C++, wata rana za ka ci karo da wannan: sunan fayil ɗinka yana cikin `std::string`, ka miƙa wa `fopen`, sai a ƙi karɓa. Dalili kuwa, `fopen` ɗan gidan C ne, yaren da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs a farkon shekarun 1970. A C, rubutu haruffa ne kawai a jere cikin ma'ajiyar kwamfuta, da sifili, wato `'\0'`, a ƙarshe don a san inda aka tsaya. Abin da ake miƙawa shi ne `char*`, manuni mai ɗauke da adireshin harafin farko.

Mafita a nan mai sauƙi ce. Ka rubuta `suna.c_str()`, ka samu `const char*`, `fopen` ya karɓa. Shi ke nan?

To, a nan fa gizo ke saƙa. `c_str()` bai kwafe maka komai ba, kwatancen gida kawai ya ba ka, haruffan har yanzu na `std::string` ne. Ka ƙara masa rubutu, wurin ya yi masa kaɗan, sai ya kwashe kayansa ya koma wani wuri, ya bar ka da tsohon adireshi. Dubi wannan layin:

`const char* p = karantoSuna().c_str();`

Idan `karantoSuna()` sabon `std::string` yake dawo da shi, abin na wucin gadi ne, yana rushewa da zarar layin ya ƙare. Yanzu `p` kango yake nunawa. Abin haushin ma, sau da yawa manhajar za ta yi aiki lafiya lau a kwamfutarka, don ba a riga an sa wani abu a wurin ba, sai ta je hannun mai amfani ta fara fitar da shirme ko ta mutu.

Kada kuma ka cire `const` ɗin da ƙarfin tsiya don ka yi rubutu a ciki. Tun daga C++17, `data()` yana ba ka `char*` da za ka iya gyara haruffansa, amma shi ma aron ne.

Idan kana son rubutun ya daɗe a hannunka, ajiye `std::string` ɗin a cikin suna mai rai, ko ka kwafe haruffan zuwa naka wurin. Wajen kwafewar, ware `size() + 1`. Ɗayan nan na sifilin ƙarshe ne, in ka manta shi `printf` zai zarce yana karanta abin da ke gaba har sai ya ci karo da wani sifilin.