Shin Ko Kun San? Manhaja Ma Tana Aike

Shin ko kun san manhajar da aka rubuta da yaren C, aka juya ta zuwa yaren inji, tana iya aiken wata manhajar kamar yadda ake aiken yaro kasuwa? Da system() take yin haka. A Unix da Linux, system() takan miƙa umarnin ga /bin/sh, mai karɓar umarnin da ake kira shell, sannan ta zauna jira sai an gama. A Windows cmd.exe ne ke karɓa. Lamba ɗaya tak system() take dawowa da ita. Mai son karanta abin da umarnin ya fitar sai ya nemi popen().

Shin ko kun san C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs ta Amurka wajen 1972, ba ya ajiye tsawon rubutu? Bin haruffa yake yi ɗaya bayan ɗaya har ya ci karo da bayit mai sifili. Don haka "Kano" bayit 5 take ci, ba 4 ba. "Ƙasa" kuwa 6 a tsarin UTF-8, saboda Ƙ mai lanƙwasa ita kaɗai bayit 2 ce.

Ita kuwa strcat(), mai liƙa rubutu a bayan wani, ba ruwanta da ko wurin da aka tanada zai ɗauka. In ya cika sai ta ci gaba da zubawa kan abin da ke gefe. Irin wannan malalar, ta hanyar gets() mai karɓar rubutu, tana cikin ƙofofin da muguwar manhajar nan, tsutsar Morris, ta bi ranar 2 ga Nuwamba 1988. Sai a 2011 aka cire gets() daga ƙa'idar C. Tun 1998 OpenBSD ta kawo strlcat() mai lura da girman wuri, amma glibc ta Linux ba ta ɗauke ta ba sai 2023. A ganina wannan jinkiri ya yi yawa.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne inda system() da strcat() suka haɗu. Mai rubuta manhaja ya liƙa sunan fayil da wani baƙo ya turo a bayan umarni, ya miƙa wa system(). In baƙon ya sa waƙafi mai ruwa a cikin sunan, ya biyo da rm mai goge fayil, shell zai ɗauke shi umarni na biyu, ya goge fayiloli da ikon manhajar. Shin ko kun san irin haka ta faru da ImageMagick, manhajar sarrafa hotuna, a 2016? Hoto na musamman kawai za a ɗora, uwar garke ta aiwatar da umarnin mai kutse, har aka laƙaba wa ɓarakar suna ImageTragick.

Shi ya sa ƙwararru ke komawa ga execv(). Ba ta bi ta shell, kowane ɓangaren umarni daban ake miƙa mata, don haka waƙafi mai ruwa a sunan fayil ba ya zama umarni.