Layin Dogon Ƙauran Namoda a Idon Kyamara

Finafinai iri biyu ne masu sha'awar jirgin ƙasa ke nema ruwa a jallo a intanet: tsofaffin hotunan majigi na zamanin da jirgi ke cin kwal yana aman hayaƙi, da bidiyon ƙananan layukan da ke ratsa karkara. A arewacin Zamfara, irin wannan layi shi ne wanda ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Nan ne ƙarshen dogo. Bai kai Shinkafi ba, bai kai Zurmi ba, maganar zarcewa da shi Sakkwato kuwa ta daɗe tana yawo a bakin mahukunta.

Duk da haka Shinkafi da Zurmi sun ci moriyarsa. A da, gyaɗa da auduga da fatu kan taho Ƙaura a kan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci, a auna su a sikeli, 'yan dako su cika taragai, jirgi ya nufi Ikko.

Yawancin tsofaffin finafinan jirgin Nijeriya aikin Turawa ne: ko dai sashen majigi na mulkin mallaka da aka kafa a 1939, ko kamfanonin labarai irin su British Pathé, wanda ya zuba taskarsa a YouTube. Hankalin mai ɗauka yana kan buhuna da dalar gyaɗa da tashar jirgin ruwa, domin abin da ake son nuna wa mutanen Ingila ke nan. Fasinja da mai tallar fura a bakin taga, wucewa kawai suke yi a gefen hoto.

Mai lura zai tsinci abubuwa da dama a cikin waɗannan finafinai. Tazarar ƙarafan tsohon dogo milimita 1,067 ce, ta layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa 1,435, shi ya sa jirgin wannan ba ya hawa titin wancan. Akan ga kan jirgi ya tsaya ƙarƙashin tanki ana ɗura masa ruwa, mai zuba wuta yana ɗibar kwal ɗin Inugu da shebur, zufa na tsiyaya. Wasu injunan da aka kawo daga Birtaniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu ma sunayen koguna aka raɗa musu, an rubuta a jikinsu.

Yau wayar hannu ce kyamarar. Abin da matasa ke ɗauka bai wuce ƙarafan da ciyawa ta rufe da taragai masu tsatsa ba, sau da yawa babu kwanan wata, babu sunan wuri. Irin wannan bidiyo amfaninsa kaɗan ne ga mai neman tarihi. Wanda zai ɗauka ya faɗi rana da wuri, sannan ya nemi tsofaffin ma'aikatan reluwe da 'yan dakon Ƙaura ya naɗi bayaninsu tun suna raye.