Abin da Docker Desktop Ke Faɗa Maka Game da Kwantenarka

Duk wanda ya buɗe Docker Desktop zai tarar da jerin kwantenoninsa, mai aiki a cikinsu da ɗan koren ɗigo a gefenta. Abu ɗaya kacal ɗigon nan yake faɗa: babban shirin da ke cikin kwantenar bai mutu ba. Ko yana amsa kira, ko ya maƙale yana jiran rumbun bayanan da bai tashi ba, wannan babu ruwan ɗigon.

Kwantena dai shiri ce da ke gudana a kan Linux, an killace ta yadda ba ta ganin fayilolin maƙwabtanta, ana kuma auna mata ƙwaƙwalwa da ƙarfin aiki ta hanyar cgroups, wanda ya shiga Linux a 2008. Docker, da Solomon Hykes ya fara nunawa a 2013, shi ya sauƙaƙa wa jama'a amfani da wannan. Da yake Windows da Mac ba Linux ba ne, Docker Desktop yakan tayar da wata Linux a ɓoye cikin kwamfutarka, a can kwantenonin suke zaune. A Windows mai WSL 2, wato tsarin da Windows ke gudanar da Linux a kansa, rabin RAM ɗin kwamfutar ake ware wa wannan Linux ɗin idan ba ka canza ba. Don haka mai gigabait 8 ya sani cewa 4 kwantenoninsa ke rabawa.

Idan abu ya rikice, shafin Logs ne farkon zuwa. Nan ake tara duk abin da shirin ya rubuto, har da kukansa na ƙarshe kafin ya faɗi. Shirin da ke ajiye rahotonsa a wani fayil na cikin kwantenar kuwa, shafin zai fito maka fayau, sai ka shiga ta Exec ko Files ka nemo.

Kwantenar da ta tsaya takan bar lamba, kuma a ganina lambar nan ta fi komai amfani a fuskar manhajar. Sifili na nufin ta gama aikinta lafiya. 1 yawanci kuskure ne a cikin shirin. 143 na nufin an nemi ta tsaya, ta kuma tsaya. Ita kuwa 137, wato 128 a tara da 9, kisa ne na dole. Ta hanya biyu aka fi samunsa: ko ƙwaƙwalwa ta ƙare Linux ta kashe shirin, ko ka danna tsayarwa, Docker ya jira daƙiƙa 10, shirin ya yi kunnen uwar shegu, aka fille masa kai. Mai raba gardamar yana shafin Inspect: nemi layin OOMKilled, in ka ga true, ƙwaƙwalwa ce.

A Inspect ɗin ne kuma za ka ga ƙofofin shiga. 8080:80 na nufin ƙofa ta 8080 a kwamfutarka tana kai wa ta 80 a kwantenar, mutane kuma sukan juya su. Kalmomin sirrin da aka miƙa wa kwantenar lokacin tayar da ita su ma suna nan a fili, don haka a duba kafin a ɗauki hoton shafin a tura wa abokin aiki.

Shafin Stats yana zana yadda ake cin ƙwaƙwalwa da CPU. Ganin kashi 250 cikin ɗari kada ya tayar maka da hankali, domin kowace cibiyar CPU ɗari ake lissafa mata. Abin sa ido shi ne layin ƙwaƙwalwar da ke ta hawa ba ya saukowa alhali aiki bai ƙaru ba.

Maganin raunin koren ɗigon shi ne a rubuta HEALTHCHECK a cikin Dockerfile, wato fayil ɗin umarnin da ake gina kwantenar da shi. Docker zai riƙa gwada shirin duk daƙiƙa 30, in ya faɗi sau uku a jere ya yi masa alamar rashin lafiya. Alamar kawai yake sawa: shi da kansa ba ya sake tayar da kwantenar saboda ita.