Wuƙa ko Ruwan Zafi: Wanne Ya Dace da Ƙanƙarar Firji?

Duk mai ƙaramin firji mai ƙofa ɗaya ya san ranar da ƙanƙara ke cika ɗan akwatin nan na sama, murfinsa ya ƙi rufuwa, ledar nama ta maƙale a ciki. Da damina abin ya fi yawa, domin laimar iskar da ke shiga duk lokacin da aka buɗe ƙofa ita ce ke daskarewa a bangon. A nan jama'a suka rabu biyu: masu ɗaukar wuƙa su hau sara, da masu cire firjin daga wuta su jira ta narke.

Mai wuƙa yana da hujjarsa. Wuta ba ta zama, in kuwa an kawo ta, wa zai so ya kashe firji, balle uwargidan da ke sayar da zoɓo da kunun aya? Nan da nan ta ɓamɓare ƙanƙarar ta mayar da kayanta.

Sai dai bangon akwatin nan shi ne ke yin sanyin. Farantin alminiyam ne marar kauri, kuma jijiyoyin da suka kumburo a jikinsa ta cikinsu gas ke bi. Tsinin wuƙa na huda ɗaya, sai a ji fuuu, sanyi ya tafi ke nan. Liƙe alminiyam yana da wuya, shi ya sa sau da yawa sai mai gyara ya sauya farantin gaba ɗaya kafin ya ɗura sabon gas. Kuma yawancin ƙananan firjin yanzu gas ɗin R600a ne a cikinsu, wanda ke kama wuta. Duba takardar da ke manne a jikin naka.

Hanya ta biyu haƙuri kawai take buƙata. A cire soket, a kwashe nama da kifi a zuba a kula, a bar ƙofa a buɗe, a ɗora kwanon ruwan zafi a kan tsumma cikin akwatin, a shimfiɗa wani tsumman a ƙasa. Ba da jimawa ba ƙanƙarar za ta saki, ta riƙa faɗowa gunduwa-gunduwa. Wadda ta rage a ture ta da cokalin roba. A goge ciki ya bushe kafin a kunna. Aibin wannan hanyar shi ne cin lokaci da jiƙa ɗaki. Amma lokacin ai muna da shi, tunda ana iya yin aikin sa'ad da aka ɗauke wuta.

Wasu na barin ƙanƙarar da gangan, wai ta riƙe sanyi in wuta ta tafi. Tana riƙewa kam, amma tana tare sanyin farantin, injin ya yi ta aiki ba hutu. Gorunan ruwa da aka daskarar sun fi ta yin wannan aikin.

Ni dai ruwan zafi na zaɓa. Da zarar kaurin ƙanƙara ya kai rabin santimita, a narkar da ita, a bar wuƙa a kicin.